Lambar da ke Gindin Keke: Shekarun Tsofaffin Kekunan Ɗinkin Daura

Daura gari ne da aka saba auna tarihinsa da ƙarnuka. In an yi maganar tsufa sai a ambaci rijiyar Kusugu, da Magajiya Daurama, da jerin sarakunan da marubuta ke ta muhawara a kan shekarunsu. Amma akwai wani kayan tarihin da muke wucewa kullum a zauruka da rumfunan teloli, wanda shi ba ya buƙatar muhawara, domin shekarunsa na rubuce a jikinsa. Wannan shi ne baƙin keken ɗinkin nan mai zanen ruwan zinari, wanda kakanni suka bar wa iyaye, iyaye suka bar mana.

Labarinsa ya faro ne daga nesa. A 1846 Elias Howe ya yi rajistar keken da ke ɗinki da zare biyu a Amurka, sannan a 1851 Isaac Singer ya yi rajistar nasa. Abin da ya ɗaukaka kamfanin Singer bai tsaya ga ingancin ƙarfe ba. Tun a 1856 ya ɓullo da tsarin biya kaɗan-kaɗan, yadda mai ƙaramin ƙarfi zai ɗauki keke ya riƙa biya daga abin da ya ɗinka. Da kasuwa ta buɗe, sai kamfanin ya gina babbar masana'anta a Kilbowie, cikin garin Clydebank na Sikotilan. Daga 1884 zuwa 1943 ta ƙera kekuna kimanin miliyan 36, kuma ita ce ke ciyar da kasuwannin ƙasashen da Ingila ke mulka.

Hanyar da irin wannan kaya ke bi zuwa ƙasarmu sananniya ce. Jirgin ruwa ya sauke a Ikko, jirgin ƙasa ya ɗauko zuwa Kano, inda layin dogo ya iso a 1911, daga nan fatake su biyo da shi ta Kazaure. Wannan ya zo daidai da farfaɗowar Daura kanta: a 1906 aka dawo da Sarki Musa daga Zango zuwa birnin, a 1911 kuma Sarki Abdurrahman ya fara mulkin da ya kai 1966. A tsawon zamaninsa kuɗin gyaɗa ya shiga hannun manoma, yadin kanti ya yawaita, keke ya samu gurbi kusa da allurar hannu. Bai kori maɗinkan gargajiya ba. Aska takwas da sauran aikin babbar riga sun ci gaba da zama na hannu, keke ya ɗauki haɗin riga da wando da kayan yara. Har yau sunan Kasuwar Singa ta Kano yana tuna mana yadda kamfanin ya shiga bakin Bahaushe.

To, yaya ake gane shekarun keke? A fara da duba farantin da kan keken ke zaune, ta hannun dama, gindin ginshiƙin. A nan aka buga lambar ƙira. Idan lambobi ne zalla babu harafi, keken ya riga 1900, kuma samun irinsa sai an tona. Daga 1900 kamfanin ya fara sa harafi a gaba. Lambar da ta fara da Y ta Clydebank ce, daga shekarun 1920 zuwa 1935. Daga 1935 aka koma haruffa biyu masu farawa da E, wato EA, EB, EC, a haka har cikin shekarun 1960, don haka gwargwadon nisan harafi na biyu, gwargwadon ƙuruciyar keken. Masu farawa da A, kamar AA ko AD, na masana'antar Elizabethport ne a Amurka, daga 1924. Rajistar waɗannan lambobi tana intanet, mai wayar hannu zai iya dubawa cikin minti biyu. Sai dai a sani, ranar da za a gani ita ce ranar da aka ware lambobin rukunin, ƙirar kuma ta biyo baya kaɗan.

Jikin keken ma yana magana. Harafin K a sunan samfuri, kamar 15K ko 66K ko 99K, yana nufin Kilbowie. Samfurin 15 ana gane shi da maɗaurin zare da ke gefen hagu a fuskar keken, alhali na 66 da 99 yana gaba, yana kallon mai ɗinki. Tsofaffin 15 ba su ɗinki da baya. Masu mariƙin da ake ɗagawa a koma baya sun fito ne daga shekarun 1930. Tambari mai shuɗin baki da ke ɗauke da 1851 da 1951 na bikin cikar kamfanin shekara ɗari ne. Launin ƙasa-ƙasa ko kore kuwa alama ce ta shekarun 1950 zuwa sama.

A nan akwai wurin taka-tsantsan. Ba duk baƙin keke ne Singer ba. Bayan yaƙin duniya na biyu masana'antun Japan sun yi ta kwaikwayon samfurin 15, haka ma Usha ta Indiya da Butterfly ta Shanghai, wadda ita ce ta cika rumfunanmu a baya-bayan nan. Masana'antar Clydebank ta rufe a 1980, saboda haka keke mai sheƙin sabunta da aka ce daga can yake, a duba shi da kyau. Haka kuma kai da ƙafa ba lallai su zama tsara ba, don teloli kan ɗora tsohon kai a sabon teburi. Wannan kwaikwayon ya yi mana rana ta wani ɓangaren: allura da ƙoshiyar Butterfly sukan shiga tsohon 15K, shi ya sa keken da ya haura shekara saba'in yake aiki har gobe. In wuta ta ɗauke a daren jajibirin Sallah, ko ana gobe Sallar Gani, keken ƙafa ba ruwansa.

Abin tsoron shi ne 'yan gwangwan. Ƙarfen keke yana da nauyi, su kuma a kilo suke saye. Magada kan ga tsohon keke ya daskare a ɗaki, su miƙa shi a kuɗin da bai kai na yadi biyar ba, alhali sau da yawa tsohon mai ne ya bushe a ciki. Kananzir kaɗan a gaɓoɓin ƙarfen, sannan man keke na ainihi, yakan tashe shi. Kada a sa man gyaɗa, yana daskarewa. Kada a goge zanen da toka ko yashi, kada kuma a yi masa sabon fenti, don zanen na cikin shaidun shekarunsa.

Lambar dai rabin labari take bayarwa. Za ta gaya mana shekarar da aka ƙera keke da garin da aka ƙera shi, amma ba za ta faɗi wanda ya kawo shi Daura ba, ko buhun gyaɗa nawa aka sayar aka saye shi, ko yara nawa suka koyi sana'a a kansa a Zango da Baure da Sandamu da Mai'aduwa. Wannan rabin yana bakin dattawan teloli da iyayenmu mata da suka ɗinka a cikin gida suka aurar da 'ya'ya. Ƙarfe zai iya jiran mu wata shekara hamsin, su kuwa ba za su jira ba. Duk gidan da ke da irin wannan keke, a ɗauki hoton lambar, a tambayi babba, a rubuta amsar a takarda a ajiye a aljihun teburin.