Gine-ginen Tunawa Biyu A Gundumar Ferozepur

A gundumar Ferozepur ta jihar Punjab a Indiya akwai wasu gine-gine biyu da tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai tafiyar sa'a guda a mota ba. Na farko yana kusa da ƙauyen Ferozeshah. Gwamnatin Punjab ce ta gina shi a 1976 domin tunawa da mayaƙan Sikh da suka fafata da Turawan Ingila. Na biyu wurin ibada ne, irin wanda mabiya addinin Sikh ke kira gurdwara, an kuma gina shi tun farkon ƙarni na 20 domin tunawa da wasu sojojin Sikh 21 da suka mutu suna yi wa Turawan nan yaƙi. Shekara 52 kacal ce tsakanin yaƙe-yaƙen biyu. Wanda ya shiga ginin farko da safe ya shiga na biyu da la'asar, dole ya tambayi kansa yadda al'umma ɗaya take girmama waɗanda suka yaƙi Bature da waɗanda suka mutu a ƙarƙashin tutarsa.

Mu fara da na farko. Maharaja Ranjit Singh ya kama birnin Lahore a 1799, ya kafa daula mai ƙarfi a Punjab. Ya lura da yadda Turawa ke cinye masarautun Indiya ɗaya bayan ɗaya, sai ya ɗauko tsofaffin hafsoshin Napoleon irin su Allard da Ventura suka horar masa da runduna a tsarin Turai, ya kuma mai da hankali a kan igwa. Har ya mutu a 1839 Turawa ba su taɓa shi ba. Bayan mutuwarsa ne fada ta rikice da kashe-kashen neman sarauta, kuma a watan Disamba na 1845 yaƙi ya ɓarke.

A Ferozeshah, ranakun 21 da 22 ga wannan wata, saura ƙiris a gama da rundunar Ingila. Sojojinsu sun kwana a fili cikin sanyi, sun gaji, harsashin igwarsu ya kusa ƙarewa. Washegari Tej Singh ya iso da sabuwar rundunar Sikh wadda ba ta taɓa yaƙin ba, ya ɗan yi luguden wuta, sannan ya janye. Har gobe mutanen Punjab suna kiran wannan cin amana, suna haɗa sunansa da na waziri Lal Singh. A Sobraon kuwa, ranar 10 ga Fabrairu 1846, gadar kwale-kwale da ke kan kogin Sutlej ta karye a bayan mayaƙan Sikh, dubbai suka halaka. A nan ne dattijo Sham Singh Attariwala ya sa fararen kaya ya shiga fagen daga bai fito ba. An sake gwabzawa a 1848 zuwa 1849, kuma a watan Maris na 1849 Turawa suka haɗiye daular gaba ɗaya.

Waɗanda suka ci yaƙin ne suka fara kafa hasumiyoyi a waɗannan filaye, domin mamatansu. Sai da aka yi shekara 130 kafin waɗanda aka ci su sami nasu ginin a Ferozeshah, da zane-zanen yaƙin da tsofaffin makamai a ciki. Manyan kayan daular kuwa ba sa nan. Karagar zinare ta Ranjit Singh tana gidan tarihi na Victoria and Albert a Landan. Lu'ulu'un Koh-i-Noor, wanda aka sa ɗansa Duleep Singh ya sa hannu ya miƙa yana ɗan shekara goma, yana cikin kayan sarautar Ingila. Rabon ƙasa na 1947 ya ƙara raba abin da ya saura. Lahore, hedikwatar daular, ta faɗa cikin Pakistan, tare da fadar sarkin da ginin da aka ajiye tokarsa da kuma babbar igwar nan Zamzama da ke gaban gidan tarihin birnin. A 2019 an kafa mutum-mutumin Ranjit Singh a kan doki a tsohuwar fadar Lahore, an yi ta lalata shi, a 2021 wani matashi ya tumɓuke shi ƙasa.

Tun kafin jinin Sobraon ya bushe Turawa suka fara ɗaukar 'yan Sikh aikin soja. A 1846 ɗin nan suka kafa rundunoni biyu, ta Ferozepur da ta Ludhiana. Daga baya suka ƙirƙiro ra'ayin cewa akwai ƙabilun da aka halitta domin yaƙi, suka sa Sikh a sahun gaba. Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a gare mu. A 1863 John Glover ya kafa 'yar runduna a Legas wadda aka yi wa laƙabi da Hausawan Glover, kuma da sojojin da da yawansu Hausa suke ji aka ci Kano da Sakkwato a 1903.

Ginin na biyu daga nan ya samo asali. Saragarhi wani ɗan sansani ne a kan tsaunukan Samana, a yankin da yanzu yake cikin Khyber Pakhtunkhwa ta Pakistan. Aikinsa shi ne isar da saƙo da madubi da hasken rana tsakanin sansanoni biyu, Lockhart da Gulistan, waɗanda ba sa hango juna. Ranar 12 ga Satumba 1897 dubban mayaƙan Orakzai da Afridi suka kewaye shi. A ciki akwai sojoji 21 na runduna ta 36 ta Sikh, ƙarƙashin Saje Ishar Singh. Sun yi sa'o'i suna riƙe da wurin, mai aika saƙo Gurmukh Singh yana sanar da sansanin Lockhart abin da ke faruwa, har aka fasa bango aka kashe su duka. An ba kowannensu lambar Indian Order of Merit, domin a lokacin ba a ba wa Ba'indiye lambar Victoria Cross, sai daga 1911. An gina musu gurdwara a Amritsar da kuma Ferozepur, kuma rundunar Sikh ta sojojin Indiya tana bikin wannan rana duk shekara.

Masu kallon fina-finan Indiya a cikinmu sun san labarin ta fim ɗin Kesari na 2019, wanda Akshay Kumar ya fito a matsayin Ishar Singh. Fim ɗin ya ƙara gishiri, kamar yadda labarin baka ya riga ya ƙara. Ana yawan cewa majalisar dokokin Ingila ta miƙe tsaye domin girmama su, alhali masu bincike ba su ga haka a rubutattun bayanan majalisar ba. Jarumtar mutanen nan ba ta buƙatar ƙari. Abin da muke ganin ya fi kamata a faɗa, wanda allunan ba su cika faɗa ba, shi ne waɗanda suka hau tsaunin ranar nan ƙasarsu suke karewa daga mamaya. Su ma sun mutu da yawa, kuma babu wanda ke karanta sunayensu duk ranar 12 ga Satumba.

Yaƙin Duniya na Farko ya kai wannan tarihi Turai. A Neuve-Chapelle ta Faransa akwai ginin da aka buɗe a 1927 mai ɗauke da sunayen sojoji da ma'aikatan Indiya sama da 4,700 da ba a san kabarinsu ba. A Brighton ta Ingila an mai da wata fadar sarki asibiti domin waɗanda suka ji rauni. Hindu da Sikh 53 da suka mutu a can an ƙona gawarwakinsu bisa al'adarsu a kan wani tudu bayan gari, Musulmi kuma aka kai su Woking aka binne. A 1921 aka buɗe farar ƙubba a kan tudun, ana kiran ta Chattri, amma sai a 2010 aka rubuta sunayen mutanen. A 2021 hukumar da ke kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila ta amsa da kanta cewa aƙalla mutum 116,000, akasarinsu 'yan Afirka da Gabas ta Tsakiya, ba a rubuta sunansu ko'ina ba.

A 'yan shekarun nan jikokin sojojin ne ke ginawa da kuɗinsu. A 2015 an kafa mutum-mutumin sojan Sikh mai rawani a dandalin tunawa na ƙasa da ke Staffordshire, da taron dangi aka biya. A 2018 aka kafa wani a Smethwick, ba a yi mako guda ba wani ya ɓata wurin da fenti. A 2021 aka buɗe na Ishar Singh a Wolverhampton. A gida kuma jihar Punjab ta buɗe babban gidan tarihin yaƙi a Amritsar a 2016, da takobi mai tsawon mita 45 tsaye a tsakiyarsa.

Amritsar ɗin ce ma ta fi kowane wuri nuna nauyin wannan gado. Gurdwarar Saragarhi tana cikin birnin da Jallianwala Bagh take, filin da Janar Dyer ya sa aka buɗe wa taron farar hula wuta ranar 13 ga Afrilu 1919, watanni kaɗan bayan 'yan Punjab sun gama yi wa Ingila yaƙi. Turawa da kansu sun ƙidaya gawa 379, mutanen gari sun ce abin ya fi haka nesa ba kusa ba, kuma har yau ana ganin ramukan harsashi a bangon. A watan Yuni na 1984 kuma sojojin Indiya suka kutsa cikin harabar Wurin Ibada na Zinare. Kuldip Singh Brar ne ya jagoranci harin, Shabeg Singh ya tsara kariyar waɗanda ke ciki, dukansu Sikh ne, dukansu janar-janar da rundunar Indiya ta horar. A 2013 aka buɗe ginin tunawa da mamatan cikin harabar, Brar ya fito fili ya yi adawa da shi.

Abin da ya fi burge mu a duk wannan ba gini ba ne. A ɗakin ajiya na gidan tarihin Lahore an sami wasu manyan rajistoci da gwamnatin Punjab ta rubuta a 1919, masu ɗauke da sunayen sojoji kimanin 320,000 da suka tafi Yaƙin Duniya na Farko, Musulmi da Sikh da Hindu a jere. Sun yi kusan shekara ɗari ba mai buɗe su. Wata ƙungiyar adana tarihin Punjab da ke Ingila tare da Jami'ar Greenwich suka ɗauki hotonsu, kuma a watan Nuwamba na 2021 suka fara sa su a intanet, da gundumomin Jalandhar da Ludhiana da Sialkot. Mutum yana iya rubuta sunan ƙauyensu a waya ya ga waɗanda suka tafi daga can, kowanne da sunan mahaifinsa da muƙaminsa da rundunarsa, da kuma ɗan bayani a gefe idan ya ji rauni ko bai dawo ba.