Yadda ake tsallakar da dankali, rogo, doya da barkono daga kaka zuwa damina a Sokodé da Dapaong

Gero, dawa da masara ba su da wahalar ajiya: ƙwayarsu ta bushe, a zuba a rumbu, ta jira ruwan shuka. Dankali, rogo da doya kuwa ba da ƙwaya ake shuka su ba. Da wani ɓangare na jikinsu ake yi, yaɗo ko kara ko saiwa, kuma dole wannan ɓangaren ya kasance da rai har ranar da za a dasa shi. A arewacin Togo wannan na nufin raya shi wata biyar zuwa bakwai ba tare da ruwan sama ba. Manomin da irinsa ya mutu a tsakiyar rani sai ya saya da tsada a farkon damina, ko ya roƙa wajen maƙwabta, ko ya jira gyauro ya tsiro ya dasa a makare.

Garuruwan biyu da yanayinsu

Sokodé ita ce hedkwatar yankin Tsakiya (Centrale), kimanin kilomita 340 arewa da Lomé a kan babbar hanya mai lamba 1. Gari ne na Tem, waɗanda Hausawa suka fi sani da Kotokoli, kuma unguwar Didaouré ta daɗe tana karɓar fatake tun zamanin da ayarin goro ke ratsawa tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja. Ruwan sama a nan yakan kai milimita 1,200 zuwa 1,400 a shekara, daga Afrilu zuwa Oktoba. Dapaong, hedkwatar yankin Savanes, tana gaba can, fiye da kilomita 600 daga Lomé, kusa da iyakar Burkina Faso, ƙasar Moba da Gurmawa. Ruwanta bai cika wuce milimita 1,000 da ɗan wani abu ba, kuma yakan fara ne a Mayu ko Yuni. Wato ranin Dapaong ya fi na Sokodé tsawo da wata guda ko fiye, kuma wannan wata gudan shi ne yake raba irin da ya tsira da wanda ya mutu.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu ke kaɗawa daga arewa maso gabas. Da asuba ma'aunin zafi yakan sauka ƙasa da digiri 20, mutane su rungumi wuta, amma ba a taɓa samun ƙanƙarar da ke ƙona ganye ba. Abin da ke kashe shuka shi ne bushewar iska, sannan zafin bazara na Maris da Afrilu, wanda a Dapaong yake kai digiri 40. Akwai kuma na uku wanda littattafai ba su cika ambata ba: awaki da tumaki da ake saki bayan girbi, waɗanda duk wani kore a gari nasu ne.

Kwatankwacin haka a ƙasashen sanyi

Masu lambu a Faransa, Ingila ko Kanada suna da irin wannan damuwa, sai dai maƙiyinsu ƙanƙara ne. Shuke-shuken da asalinsu daga ƙasashe masu ɗumi ne suna iya rayuwa shekaru, amma dare ɗaya na sanyi ƙasa da sifiri ya ishe su. Furen daliya, ɗan asalin Meziko, ana tone saiwarsa a ƙarshen kaka, a busar da ita, a ajiye cikin yashi ko dusar katako a wuri mai sanyi wanda ba ya daskarewa. Barkono a tukunya ake datse shi a shigar da shi ɗaki. A fadar Versailles, tsakanin 1684 da 1686, Jules Hardouin-Mansart ya gina wa Sarki Louis na 14 katafaren zaure domin itatuwan lemo da aka dasa cikin akwatuna, kuma har yau ana shigar da su da kaka a fito da su idan sanyi ya wuce. Dabarun guda uku ne a ko'ina: a ajiye saiwa tana barci, a raya ɗan reshe a wuri mai kariya, ko a datse uwar a rage mata buƙata. Su ne dai ake yi a Togo.

Dankali

Shi ne ya fi kowa rauni, domin yaɗon da aka yanke ba ya wuce 'yan kwanaki. Hanyar da aka gada ita ce a dasa 'yan kunyoyi a fadama, ko bakin rijiya, ko bayan banɗaki inda ruwan wanka ke malala, a kewaye da ƙaya ko zana, a yi ta ba da ruwa har damina. Tana aiki ga wanda yake da ruwa kusa. Ga matar da ke ɗauko ruwa daga nesa a watan Afrilu, bokiti biyu na dankali kowace rana ba ƙaramin abu ba ne, shi ya sa da yawa ke dogara da gyauro, wato saiwar da ta ɓuya a ƙasa lokacin haƙa ta tsiro bayan ruwan farko. Gyauro kyauta ne, amma sai an yi makonni ana jira kafin yaɗonsa ya isa yanka, kuma a Dapaong inda damina gajera ce wannan jiran a kan girman saiwa yake ƙarewa.

Cibiyar binciken dankali ta duniya, CIP, ta yaɗa wata hanya da ake kira Triple S, wadda aka gwada a arewacin Gana da Burkina Faso, wurare masu yanayi irin na Savanes. Ma'anarta a ajiye saiwa cikin yashi, sannan a tsirar da ita. Lokacin haƙa ake zaɓen saiwa ƙanana zuwa matsakaita daga shuka mai lafiya, waɗanda fartanya ba ta ji wa rauni ba, ƙwaro kuma bai huda ba. A shimfiɗa tsohuwar jarida a cikin daro, a zuba busasshen yashi mai tsakuwa-tsakuwa wanda ya huce, a jera saiwa ba tare da ɗaya ta taɓa ɗaya ba, a rufe da yashi, a sake jerawa. Daron ya zauna a ɗaki mai sanyi, inda kaji da yara ba sa kaiwa. Duk wata a tone a duba, a fitar da wadda ta ruɓe, a karye tohon da ya yi tsawo da wuri. Saura mako shida zuwa takwas a fara ruwa, sai a binne saiwar a ɗan fili mai taki, a riƙa shayarwa sau biyu a mako. A lissafin cibiyar, saiwa 40 na iya ba da yankan yaɗo kimanin 1,500 a yanka uku. Ribar a fili take: shayarwar wata biyu maimakon ta wata shida.

Kuskuren da aka fi yi shi ne zuba yashi mai danshi ko wanda rana ta gasa, da kuma sanya saiwa mai ƙwaro guda ɗaya, wadda za ta ɓata sauran. Kuma dankali ba ya son firiji. Ƙasa da digiri 12 cikinsa yake lalacewa.

Rogo

Rogo ya fi haƙuri. Mafi kyawun ma'ajinsa ita ce gonar kanta: a bar wani sashe ba a tuge ba, a sare karan ranar da za a dasa. Inda dabbobi ko gobarar daji ba za su bari ba, ana sare kara mai tsawo, wanda ya ƙosa, a ɗaure dami-dami, a jingina a tsaye ƙarƙashin inuwar mangwaro ko ɗorawa, idanun suna kallon sama, gindin a cikin ƙasa kamar tsawon yatsa, a ɗan yayyafa ruwa jefi-jefi. A haka yakan kai wata biyu zuwa uku, ko da yake ƙarfin tsirarsa na raguwa kullum. Gara ce babbar barazana, don haka ana duba gindin ana barbaɗa toka. Ranar dashe sai a yar da bakin da ya bushe, a yanka tsawon santimita 20 zuwa 25, kowane da ido biyar zuwa bakwai. Karan da aka yanka bai fitar da farin ruwa ba ya mutu.

Abin lura shi ne cutar da ke sa ganye ya yi dabbare-dabbare ya nannaɗe. Farin ƙuda ke yaɗa ta, amma cikin kara take tafiya daga gona zuwa gona. Tun da damina, lokacin da ganye ke nan, ya kamata a yi wa shuka mai lafiya alama, domin a rani duk kara kama ɗaya suke.

Doya

Doya ta zo da dabararta. Bayan ganyenta ya bushe saiwar takan yi barci na wata biyu zuwa huɗu, ba ta tsira ko da an binne ta. Manoman Tsakiya da na Bassar, inda ake noman doyar laboko da ake ji da ita wajen sakwara, sun gina tsarin nomansu a kan wannan barcin. Suna yi wa doya mai saurin nuna haƙa biyu: na farko a tsakiyar damina, a yanke saiwar a bar kan a cikin tsibi, sai ya sake fitar da ƙananan 'ya'ya waɗanda ake haƙa da kaka su zama iri. Wasu suna ajiye irin a rumfar ciyawa mai shan iska, wasu kuma suna dasa shi tun cikin rani a sababbin tsibi, su ɗora wa kowane tsibi hular busasshiyar ciyawa da ɗan hoge a kai don kada iska ta kwashe. Hular ce ke hana rana dafa irin a cikin ƙasa.

Tsadar doya a nan take: manomi yakan ware kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da ya girbe ya koma ƙasa. Domin rage wannan, cibiyar Umudike ta Najeriya da IITA ta Ibadan suka fito da dabarar yanka uwar doya ƙanana-ƙanana, gram 25 zuwa 50, kowane da ɓawonsa, a farkon shekarun 1980. A Togo, binciken irin waɗannan amfanin gona yana hannun ITRA, yaɗa shi ga manoma kuma na ICAT. A Dapaong doya ba ta da yawa; akasarin ta kasuwa daga kudu ake kawo ta.

Barkono da na bayan gida

Ana ɗaukar barkono shukar damina ɗaya, alhali ƙaramin barkono mai yaji da attarugu na iya shekara biyu ko uku. Bayan tsinka na ƙarshe ana datse rassan a bar kamar kamu ɗaya ko biyu, a rufe gindin da ciyawa, a yi masa inuwa da zana ta gefen da iska ke bugowa, a riƙa ba shi ruwa kaɗan sau biyu a mako. Yawan ruwa a wannan lokaci ruɓar da saiwa yake yi. Gindin da ya tsallake rani yakan riga sabon dashe haihuwa da makonni, daidai lokacin da ɗanyen barkono ke tsada a kasuwa. Amma wanda ganyensa ya murɗe ko saiwarsa ta yi ƙulli-ƙulli, tugewa ya fi, domin ajiye shi ajiye cuta ne. Yalo da gauta ma suna karɓar wannan datsa.

Shuwaka da zogale da lalle ba sa neman komai sai shinge. Ana datse su da hunturu, reshen da aka sare kuma a kafa shi ya zama sabo idan ruwa ya sauka. Ayaba da gwanda su ne masu shagwaɓa: a Sokodé suna rayuwa a bakin rafi da bayan gidaje, a Dapaong kuwa sai inda ruwan wanke-wanke ke zuba kullum, kuma ko a nan hunturu sai ya yayyaga ganyen ayaba. Ana barin busasshen ganyen a jikinta har ƙarshen Fabrairu ya zama mata riga, a tara shara mai ruɓewa a gindi, a bar ɗa guda ɗaya ko biyu kawai, a cire sauran.