Daga kular masinja zuwa alat: yadda waya ta shiga gidajen abincin Dutse

Da aka ƙirƙiri Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta 1991, Dutse ta wayi gari babban birni alhali ba ta da isassun gidajen da za su ɗauki ma'aikatan da aka turo mata. Da yawansu a Kano suka bar iyali, suna sammako su koma da yamma. Wanda girkin gidansa ke Kano kuwa, dole ya ci na saye. Haka rumfunan tuwo da shinkafa suka tsiro kewaye da ofisoshi, kuma hanyar oda ɗaya ce: a ba masinja kula da kuɗi.

Zuwan wayar salula a 2001 ya rage wa masinja zirga-zirga, domin ana iya kira a ji ko miyar ta ƙare. Buɗe Jami'ar Tarayya ta Dutse a 2011 ya kawo ɗalibai, daga bisani WhatsApp ya ba matan aure damar tallata girkinsu daga cikin gida, ɗan acaɓa ya kai. Amma biya yana nan hannu da hannu.

Abin da ya karya wannan al'ada wahala ce. A Oktoba 2022 Babban Bankin Najeriya, ƙarƙashin Godwin Emefiele, ya sanar da sauya fasalin naira 200, 500 da 1,000. Zuwa Fabrairu 2023 tsabar kuɗi ta yi ɓatan dabo. Mai abinci ba ta iya jira, don tuwon yau ba ya sayuwa gobe. Sai lambobin asusun OPay da Moniepoint suka bayyana a jikin bango da kwali. Hukuncin Kotun Ƙoli na 3 ga Maris ya dawo da tsofaffin takardun, amma kwalayen ba su sauka ba.

A ganina nan ne muke yawan kuskuren lissafi. Mun ɗauka manhajar oda ce za ta kawo sauyin, alhali Jumia Food da Bolt Food duk sun tattara nasu ya nasu daga Najeriya a Disamba 2023. Tiransifa ce ta zauna, kuma hatsarinta kan mai sayarwa ya faɗa: ita ke jiran alat idan sabis ya ɗauke, ita ke asara idan na bogi aka nuna mata bayan an suɗe kwano, ita kuma ke biyan mai POS lada kafin ta sami tsabar da za ta yi cefane a kasuwar Shuwarin.