Tarihin Bikin Ista da Yadda Al'ummomi Ke Yin Sa

Mu da muke zaune a Kudu ba ma bukatar kalanda kafin mu san Ista ta ƙarato. Tashoshin mota sukan cika da masu tafiya gida, kaji da shinkafa da tumatir su yi kasuwa, gwamnati kuma ta ba da hutun Juma'a da Litinin. Amma da yawanmu, ko da mun shekara 20 a unguwa, idan aka tambaye mu asalin bikin sai mu yi shiru. Zama da mutum ba ka san babbar ranarsa ba kuwa ragin zumunci ne.

A wurin Kiristoci, Ista ita ce ranar da suka yi imani Yesu Almasihu ya tashi daga matattu, bayan an gicciye shi ranar Juma'a. Musulmi ba su tafi a kan an gicciye Annabi Isa (AS) ba, wannan sanannen bambanci ne. Abin da muke son kawowa yau shi ne tarihin.

Bikin ya samo tushe daga Idin Ƙetarewa na Yahudawa, wanda suke kira Pesak, domin a lokacinsa ne abin ya faru a Ƙudus. Shi ya sa Girkawa suke cewa Paska, Larabawa Idul Fis'hi, Habashawa Fasika. Kalmar Ista da muka ara ta Ingilishi ce.

Kiristocin farko sun yi saɓani a kan ranar. Na yankin da yake Turkiyya a yau suna yi ranar 14 ga watan Nisan na Yahudawa, ko wace rana ta faɗo, na Rum kuwa suka ce sai Lahadi. A shekarar 325 Sarki Kustantin ya tara manyan limaman coci a garin Nikiya, aka amince kowa ya yi a rana ɗaya. Ƙa'idar da ta zauna daga baya ita ce Lahadin farko bayan cikar wata da ta zo daga 21 ga Maris. Saboda haka ranar take yawo tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu. Ashe lissafin wata ba a kanmu kaɗai ya tsaya ba.

A 1582 Fafaroma Gregori na 13 ya gyara kalanda. Cocin Katolika ya bi, Furotesta suka biyo baya a hankali, amma cocin Gabas na Girka da Rasha da Masar da Habasha suka ci gaba da lissafin Ista da tsohuwar. Don haka tasu takan zo bayan ta Yamma, wani lokaci da mako ɗaya, wani lokaci har biyar. A 2025 sun haɗu a rana guda, 20 ga Afrilu.

A Habasha ana azumin kwana 55, ba nama, ba ƙwai, ba madara. Daren Asabar a kwana a coci cikin fararen tufafi, kafin asuba a koma gida a buɗe baki da doro wat, miyar kaza mai yaji da dafaffen ƙwai, a ci da injera. A Masar, Litinin da ke bin Istar Kibɗawa ita ce Shammun Nasim, bikin da ake danganta asalinsa da zamanin Fir'auna. Musulmi da Kirista duk suna fita lambuna da bakin Nilu, su ci kifi mai gishiri da albasa mai lawashi da ƙwai mai launi.

A Girka ana rina ƙwai ja, mutum biyu su gwara nasu, wanda nasa bai fashe ba shi ne mai sa'a. Ƙwai ya shiga bikin ne domin a da an hana cinsa lokacin azumi, sai ya taru a gidaje. Zomon Ista kuwa al'adar Jamusawa ce da baƙi suka kai Amurka, inda tun 1878 yara suke wasan gara ƙwai a harabar fadar shugaban ƙasa. A birnin Sebiliya na Sifen ana mako guda ana zagaya gari da manyan mutum-mutumi a kafaɗa. A lardin Pampanga na Filifin wasu kan sa a kafa musu ƙusa a kan gicciye, duk da cocin Katolika ba ya goyon bayan haka.

A Ƙudus, mabuɗin Cocin Ƙiyama, wurin da Kiristoci suka fi girmamawa, yana hannun iyalan Musulmi biyu tun ƙarnoni da yawa: gidan Judah ke ajiye shi, gidan Nusaiba ke buɗe ƙofa. Ɗarikun da ke raba cocin sun saba da wannan tsari har yau.

A nan Legas ma akwai tarihin da ya taɓa mu. Ranar Juma'ar Ista iyalan Aguda na Tsibirin Legas suna dafa firejon, wake da madarar kwakwa da sukari, saboda ba a cin nama ranar. Kakanninsu bayi ne da suka dawo daga Burazil a ƙarni na 19, sunan abincin ma daga kalmar wake ta Fotugis yake. Cikin bayin da aka kai Bahiya akwai Hausawa. Su ne suka shirya tawayen 1807, wasunsu kuma suka shiga na Musulmi a 1835, wanda bayansa aka koro mutane da dama zuwa gaɓar Afirka ta Yamma. Cikin waɗanda suka dawo akwai Katolika, akwai Musulmi, suka zauna unguwa ɗaya.

Kada mu manta a cikinmu Hausawa akwai Kirista da suke wannan biki da harshenmu. Idan maƙwabci ya yi mana barka da sallah, ranar tasa mu ma mu tambaye shi ya hidima, ya iyali. Masu tafiya gida kuma, Allah ya kiyaye hanya, ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu.