Yadda Manhajar Sata Ta Iso Kaduna

Satar manhajar kwamfuta ta girmi intanet ɗin da aka sani yau. Tun a 1976 Bill Gates ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa yana kokawa kan masu kwafar manhajarsa ba su biya ba. A shekarun 1980 ƙungiyoyin matasa a Amurka da Turai suka riƙa fasa makullin manhajoji suna musayarsu ta layin tarho, suna kiran hajar warez. Suna suke nema, ba kuɗi ba: wanda ya riga kowa fasawa shi ne gwani. Ƙungiyar DrinkOrDie ta saki Windows 95 makonni biyu kafin Microsoft ya kai shi kasuwa, sai a Disambar 2001 hukumomin Amurka da na wasu ƙasashe suka yi mata dirar mikiya. Daga baya harkar ta fito fili a shafuka irin su The Pirate Bay, wanda aka kafa a Suwidin a 2003.

Kaduna kuwa ba ta waya hajar ta fara iso mata ba, a mota ta zo. A farkon shekarun 2000 intanet sai a shagon kafe, ana biya da awa, ga tafiyar hawainiya, ga ɗauke wuta. Sauke babbar manhaja ɗaya na iya cinye dare. Don haka abin da aka fasa a ƙetare sai a buga shi a faifan CD, ya bi ta kasuwannin Legas irin su Alaba da Computer Village, ya sauka a shagunan titin Ahmadu Bello da kewayen Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi. Faifai ɗaya kan ɗauki CorelDRAW da Photoshop da Microsoft Office, an rubuta lambar buɗewa a jikin bangonsa. Mai gyara ya ɗora wa mutum duka, ya karɓi kuɗin aikinsa kawai. Yawancin masu saye ba su ma san akwai lasisi ba, kuma da sun sani, farashin na asali ya fi ƙarfin mai shagon buga takardu a Tudun Wada ko Kawo.

Haɗarin yana cikin hajar kanta. Ƙaramar manhajar da ke ƙirƙiro lambar buɗewa sau da yawa takan zo da ƙwayar cuta a ɓoye, kuma umarnin da ke tare da ita kan ce a kashe manhajar tsaro kafin a kunna ta. Cutar CIH, wadda ta ɓulla a Taiwan a 1998, ta yaɗu sosai ta manhajojin sata. Ranar 26 ga Afrilu, 1999 ta tashi ta goge bayanan kwamfutoci masu ɗimbin yawa, wasu ma ba su sake kunnuwa ba. A Kaduna filash ne ya zama dillalin cuta: ɗalibi ya kai aikin kammala karatunsa a buga masa, ya dawo ya tarar fayilolinsa sun ɓace. Maganin da aka sani shi ne a wanke kwamfutar, a sake ɗora Windows daga wani faifan satar.

Doka ta daɗe da hana satar manhaja, tun daga dokar haƙƙin mallaka ta 1988 har zuwa sabuwar da aka sa wa hannu a 2023, wadda ta ba da damar toshe shafukan sata. Sai dai samamen hukuma ya fi faɗa wa masu satar fina-finai da littattafai. Yau faifan ya kau, harkar ta koma waya, inda jabun manhajoji irin su GBWhatsApp ke zaune tare da manhajar banki da lambobin sirri.