Zana Na'urar Watsuwar Nutiron a Kwamfuta: Darasin Zariya da Buƙatar Ganuwar Kano

Tsakure

Maƙalar ta duba yadda ake zana na'urar watsuwar nutiron ta hanyar kwaikwayon kwamfuta. Ta kuma nuna cewa ana iya fara wannan aiki a Kano tun kafin Nijeriya ta mallaki tukunyar nukiliyar da za ta ɗauki na'urar.

Gabatarwa

Nutiron ba shi da cajin lantarki, shi ya sa yake ratsa dutse da ƙarfe, amma haidirojin na karkatar da shi ƙwarai. Don haka duk inda ruwa ya maƙale a cikin abu, nutiron zai tona shi. A nan ne batun ya shafi birnin Kano. Ganuwar da tarihi ya ce Sarki Gijimasu ne ya fara ginawa kullum damina na zaizaye ta, kuma ruwan ta ƙananan ƙofofin laka yake bi, waɗanda ido ba ya gani. Watsuwar nutiron a ƙaramar kusurwa tana auna ƙofa mai faɗin nanomita 1 zuwa 100. Wanda ya san yanayin waɗannan ƙofofi zai iya bambance ƙasar da ta dace da yaɓe da wadda za ta zube.

Yadda Kwaikwayon Yake

Ba a gina irin wannan na'ura da ka, domin tsadarta ta fi ƙarfin gwaji. Manhajar McStas, wadda aka fitar a cibiyar Risø ta Denmak a 1998, kyauta ce. Mai bincike zai bayyana mata tushen nutiron, bututun madubi da ke jagorantarsa, faifan da ke datse shi, samfur da ma'auni. Sai ta saki miliyoyin nutiron na lissafi, ana yi wa kowanne ƙuri'a kan inda zai nufa, wato dabarar Monte Carlo. Daga adadin da ya iso ma'auni ake gane ko tsawon bututun ya yi, ko a rage. Da McStas aka zana yawancin na'urorin cibiyar ESS da ke Lund a Suwidin.

Darasin Zariya

Tukunyar NIRR-1 ta Cibiyar Bincike da Horaswa kan Makamashi, Jami'ar Ahmadu Bello, ta fara aiki a 2004 da ƙarfin kusan kilowat 30. A 2018 aka sauya mata makamashi daga yuraniyom mai tacewa kashi 90 zuwa mai kashi 13 cikin ɗari. Kafin a taɓa ta, masanan cibiyar da na Argonne a Amurka sun lissafa sauyin da manhajar MCNP, wadda ita ma dabarar Monte Carlo take bi. Ke nan hannun da ya iya lissafin yana nan gida.

Sai dai an ƙera NIRR-1 ne don gano sinadaran da ke cikin samfur, ba ta da ƙarfin ciyar da na'urar watsuwa. Tukunyar SAFARI-1 ta Afirka ta Kudu, mai irin waɗannan na'urori, megawat 20 ce.

Shawara

Ra'ayin wannan maƙala shi ne kada a zauna jiran babbar tukunya. Kwamfutar da ke ɗakin gwaji ta isa gudanar da McStas. Ya kamata Sashen Fiziks na Jami'ar Bayero ya haɗa kai da masanan Zariya, a kwaikwayi na'urar da za ta auna tubalin ganuwa, a tantance kaurin samfur da lokacin awo, sannan a nemi gurbin gwaji a wata cibiya ta waje da lissafi a hannu. A sa maginan gargajiya na cikin birni a aikin tun farko, domin su suka san kududdufin da ake ɗebo ƙasa mai kyau.