Jindak da Karatun 'Ya'yan Sherpa: Sake Duba Ra'ayin Fisher kan Makarantun Khumbu

Tsakure

Maƙalar ta duba yadda baƙi ke ɗaukar nauyin karatun 'ya'yan ƙabilar Sherpa a yankin Khumbu na ƙasar Nepal. Ta gano cewa tallafin hanyar masu yawon buɗe ido yake bi, kuma yakan raba yaro da ƙauyensu.

Gabatarwa da waiwaye

Shekara takwas bayan Edmund Hillary da Tenzing Norgay sun hau ƙololuwar Everest a 1953, Hillary ya gina makaranta a Khumjung, ƙauyen da ke tudun da ya kai kimanin mita 3,790. Ginin farko na sanholo ne, ƙararrawarsa kuwa tsohuwar tukunyar iskar masu hawan dutse. Filin jirgin Lukla ya biyo baya a 1964, asibitin Khunde a 1966.

Fürer-Haimendorf (1964) ya bayyana al'ummar kafin wannan sauyi, ba mu da ja da shi. Da James Fisher (1990) muke da magana. A ganinsa boko ya ba Sherpa damar riƙe ragamar yawon buɗe ido ba tare da sun saki al'adarsu ba. Hujjarsa ba ta banza ba ce: Mingma Norbu Sherpa, ɗalibin Khumjung, ya shugabanci gandun dajin Sagarmatha. Sai dai Fisher yana cikin ayarin Hillary na 1964 da ya gina filin jirgin Lukla, kuma mai gini ba kasafai yake ganin tsagar bangonsa ba.

Hanyar bincike

An sake karanta waɗannan ayyuka tare da na Vincanne Adams (1996) da Sherry Ortner (1999), aka auna su da taswirar hanyoyin Khumbu.

Sakamako

Bakin zaren yana cikin kalmar jindak. Asalinta mai ciyar da malamin addinin Buda ko gidan ibada ne, daga baya Sherpa suka laƙaba wa Baturen da ya zama majinginarsu. Bahaushe zai ce ubangida. To ubangida ba a samun sa sai an haɗu. Jagora ya yi makonni yana kwana a tanti kusa da baƙo, ya dafa masa shayi da asuba, ya kama masa igiya a kan ƙanƙara. Ranar sallama a Lukla sai zancen kuɗin makarantar ɗansa ya shigo. Wanda ya yi dakon kilo talatin a bayan ayari, galibi ɗan ƙabilar Rai ko Tamang daga gangare, ko sunansa baƙon bai riƙe ba. Haka ma manomin dankali a ƙauyen da hanya ta kauce masa. Ashe kusanci ake saka wa, talauci da hazaƙa suna zuwa daga baya.

Idan kuɗin ya samu, iyaye sukan zaɓi makarantar kwana mai koyarwa da Turanci a Kathmandu. Ba za a ga laifinsu ba. Uban da ya ga ƙanƙara ta binne ma'aikata 16 'yan Nepal a Everest a Afrilun 2014 yana tura ɗansa makaranta ne don kada ya gaje shi. Amma yaron da ya tafi yana ɗan shekara bakwai yakan dawo hutu bakinsa ya fi sakewa da Nepalanci, kakarsa na yi masa magana da Sherpanci yana amsawa da ka. Bikin Dumji na Sherpa da kai shanun yak wurin kiwo na tudu duk da damina ake yi, lokacin yana aji.

Iyakar bincike

Nazarin na cikin littattafai ne, kuma Khumbu kaɗai ya shafa, ban da yankunan Rolwaling da Solu. Mai son ya kafa hujja da wannan yana iya yi, amma ba zai matsar da Lukla, mashigar baƙi, daga inda take ba.

Ra'ayin Fisher ya dace da ƙauyukan Khumjung da Namche na zamaninsa. Bai kai ga ɗan dako ba.